Inna Tabawa da kaɗar da ke saukowa daga sama

Bana shekara hamsin da biyar ke nan da muka rabu da Inna. Ta rasu da sauran ƙuruciyarta, ko furfurar gaskiya ba ta fara ba, ni kuwa ga ni nan na kusa ninka shekarunta, ina dogara sanda, jikoki suna nemo mini tabarau alhali yana bisa kaina. Duk da haka in na yi mafarkinta ni ce yarinyar, ita ce babba, kuma kullum wuri ɗaya nake ganinta: tsaye a tsakar gidanmu na Funtua da hantsi, ta ɗaga kai tana duban sama, farin abu yana sauko mata a hankali. Ba ta magana a mafarkin. A farke ma ba mai yawan magana ba ce, balle da ni.

Yaran yanzu in na ce musu a unguwarmu auduga daga sama take saukowa, sai su kalli juna, wai tsufa ya fara taɓa Hajiya. To ku saurara. A shekarun farko bayan samun mulkin kai muna zaune a wata 'yar unguwa ta lebura, a bayan wani gidan gurzar auduga. Mu nan kaɗa muke ce mata. Da an gama kaka manyan motoci za su fara shigowa da ita daga ƙauyuka, ta hanyar Bakori, ta hanyar Malumfashi, ta ko'ina, injin ya kama ruri, ba zai yi shiru ba sai bazara ta kawo jiki. A bayan ginin akwai wani ƙaton bututu da ke amayar da abin da injin ba ya so: ƙura, da ɓurɓushin ganye, da gajerun zaruruwan kaɗa waɗanda ba su isa shiga dila ba. Iska ta kwaso ta kawo mana har gida. Mata suka sa mata suna kaɗar sama.

Ban taɓa ganin abu mai kyan gani irinta ba, kuma na je Makka na dawo. Da hantsi in rana ta ratsa ta, sai ka ga unguwar duka kamar ba a ƙasa take zaune ba. Ba ta faɗowa, lilo take yi, ta zo ta fasa, ta koma sama, ta sake shawara. Ta sauka kan jinka, kan bayan akuya, kan gemun liman, cikin miyar da aka manta ba a rufe ba. Kafin azahar kowa ya yi fari fat har jinjirin da ke goye, shi ya sa mutanen cikin gari suke tsokanarmu da 'yan Unguwar Furfura. Hatta sauti yakan ragu, kiran salla ya iso a tausashe, kukan zakara ya zo kamar daga wani gari. Mu yara mu yi ta binta hannu a buɗe. In ka yi garaje ta kauce maka, in ka tsaya cak sai ta zo da kanta ta kwanta a tafinka.

Mata ba su bar ta ta wuce a banza ba. Kowace tana da abin da take kira gonarta. Rassan magarya da na sarƙaƙiya za ta sa a saro mata, ta kafa a tsakar gida, ta jera bisa danga, ta ɗora kan rumfa, duk ta fuskantar da su inda iska ke fitowa. Ƙaya ta yini tana kama kaɗa, da la'asar a bi a tsince, a kakkaɓe, a shiɓe ta da ɗan baka mai tsirkiya har ta tashi ta yi laushi. Ba ta yin zaren kirki, ta cika gajarta, amma wajen cusa katifa da matashin kai babu kamarta. 'Yan koli har daga Musawa suke zuwa saye, kuma da wuya a yi wa amarya jere a yankin nan ba da matashinmu a ciki ba. Macen da ba ta leƙa ko zaure, abincinta yana sauko mata har ƙofar ɗaki. Har faɗa ake yi a kai. Wata ta ɗaga ƙayarta ta zarce ta maƙwabciya, a ce ta tare mata iska, a kai ƙara. Mai unguwarmu ya sha raba rigimar iska, bawan Allah, yana yi yana ƙunshe dariya.

Wani lokaci nakan kwanta bisa katifar soso da 'ya'yana suka sayo mini, in ce da Inna za ta taɓa wannan abu, me za ta ce? Na san hannu za ta sa ta danna, ta ga ya dawo yadda yake, ta taɓe baki. A wurinta katifar da ba ta san siffar mai ita ba, ba katifa ba ce.

Tabawa ake ce mata. Gonarta ta fi ta kowa kamawa, don ta san iska kamar yadda masunci ya san ruwa, tana duban hayaƙin murhu da safe ta tashi ta juya ƙayarta. Mahaifinmu ya rasu ya bar ta da mu biyu, ni da ƙanena Iro, ta ƙi sake aure, ta ce ƙaya ta ishe ta miji, ko ba komai ba ta tambayar inda aka je. Tuwon da muke ci, da sabulu, da kananzir, da 'yar rigar sallar Iro, duk daga bakin ƙayar nan suke fitowa. Ba mu da gona a daji, ba mu da kowa a cikin gidan gurza. Abin da ya sauko shi ne namu.

Ni ce ɗiyarta ta fari, kuma a nan ne sai na yi wa 'yan zamani bayani, su da suke kiran 'ya'yan fari da sunayen gata a gaban surukai. A wancan lokaci mace mai kunya ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta damu da shi ko da zuciyarta tana ƙuna. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Tsiga, can na yi wayo, can na koyi hawan mangwaro da tseren da ba yarinyar da ke cim mini. Sai da Kaka ta rasu, gidan ya watse, aka dawo da ni Funtua wurin wata doguwar mace da ba ta duban idona. “Waccan” take ce mini. In tana son aike na, sai ta ce, “Iro, ce wa waccan ta ɗebo ruwa,” ko da kuwa ina zaune gwiwata tana taɓa tata. Na san al'ada ce, kowa ya gaya mini, amma sanin bai hana ni kuka a bayan ɗaki ba. Gaskiya ni dai na ɗauka ba ta so na.

Kakar farko da injin ya tashi ina garin, ƙirjina ya rufe. Ni da nake tsere, sai ga ni in na ɗauko tulu daga rijiya sai na huta a hanya. Numfashina ya koma yana fito kamar an danne ɗan kyanwa. Aka karɓo rubutu wurin malam na sha. Dangin Inna na wajen Gozaki, waɗanda har lokacin suna riƙe da addinin kakanni, suka aiko da saiwoyi aka dafa na sha. Da damina ta faɗi, injin ya yi shiru, sai in warke sarai, kowa ya ce maganinsa ne ya yi. Kaka na zagayowa abin ya dawo, kuma kowace dawowa ta fi ta baya. Inna ta so ta tura ni Gozaki, Baffana ya ce ɗiyar ɗan'uwansa ba za ta zauna gidan da ba a salla ba, shi kuma bai ce a kawo ni nasa ba. Ba ni kaɗai ce mai tarin ba, yara da tsofaffi da yawa suna yi, amma an saba da shi har an sa masa suna tarin kaka, ana maganarsa kamar baƙon da ya san lokacin zuwansa. Inna ba ta taɓa ce mini sannu ba. Sai dai ta dama kunu mai zafi da citta ta ajiye a bakin ƙofa, ta ce, “Iro, wani ya sha wannan kada ya huce.”

Ana nan sai labari ya shigo unguwa cewa likitan lardi ya gaji da ganin masu ciwon ƙirji daga wuri ɗaya, ya kai magana En'e. Hukuma ta ce a gina wa bututun rufaffen ɗaki a bakinsa, duk abin da ya fito ya tsaya a ciki, kada ya ƙara bin iska. Masu gidan gurza suka ce aikin da tsada, in an matsa musu sai sun rage lebura, kuma ma wa ya kawo kuka? Ba wanda ya taɓa zuwa daga unguwar ya ce an cuce shi. Da ma haka ne, ba wanda ya je. Aka tsaya a kan cewa duba-gari, wato ma'aikacin tsafta mai kaki da ke leƙa randunan mutane, zai bi gida gida ya tambaya. In ya samu mai ciwo, a yi gini. In bai samu ba, magana ta mutu.

Mata suka taru a gidan Iya Delu, ungozomar unguwa, wadda ta yanke cibiyar rabin yaran da ke wurin, har da ta Iro. Mace ce gajera mai murya, in ta yi tsawa kare ma yakan nemi wurin zama. Ta ce, “In suka toshe bututun nan, mi za mu ba yara? Iska mai kyau za su ci? Kuma mazanku da za a kora, gidan uban wa za su? Duk wadda aka tambaya ta ce lafiya lau.” Aka watse a kan haka. Inna tana wurin, ba ta ce uffan ba, shirun kuwa aka ɗauka ta yarda. Na daɗe ina jin haushin Iya Delu, amma da na girma na riƙe gida, na san yadda ake duban tukunya da la'asar babu abin zubawa, sai haushin ya sake ni. Matar nan ba muguwa ba ce, kuma abin da ta faɗa babu ƙarya a ciki ko ɗaya.

Ranar da duba-garin zai zo, tun da safe aka tattara yaran da ke tari aka kora su fadama tare da awaki, aka ƙulla musu gyaɗa da rogo, aka ce kada wanda ya dawo sai an aika. Ni ban iya tafiya ba, ko ƙofar ɗaki in zan kai sai na dafa bango. Iya Delu ta zo da kanta ta dube ni, ta sa aka zaunar da ni a ƙuryar ɗaki bayan tukwane, aka saki asabari. Ta naɗe bakin zane ta miƙo mini, ta ce in tari ya taso in cusa a baki in cije. Inna tana tsakar gida tana tsintar kaɗa, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Da hantsi suka iso. Mai unguwa ya tsaya a zaure, Iya Delu ta shigo da baƙon, don ita aka ba rakiyarsa cikin gidajen mata. Ta tsagar asabari nake hangen su. Saurayi ne dogo, kakinsa da gashin idonsa duk sun yi fari. Ya gaida Inna da ladabi, ya leƙa randa don sabo, sannan ya ce, “Baiwar Allah, akwai mai tari ko ciwon ƙirji a gidan nan?”

“Lafiya lau, ɗan nan,” in ji Iya Delu. “Gidan nan ko mura ba a yi.”

A daidai lokacin tari ya taso mini tun daga ƙasan ciki. Na cije zanen, hawaye suka zubo, idona ya fara yin duhu, kaɗar da ke yawo a hasken ƙofa ta koma walƙiya. Amma na riƙe. Wallahi na riƙe, ko motsi ban yi ba, har ina jin daɗi a raina, don ina so Inna ta ga ba ni ce zan jawo wa gidanta yunwa ba. Duba-gari ya yi godiya, ya juya, har ya kai bakin zaure.

“Malam, dakata,” in ji Inna. “Akwai Saude.”

Ta juyo ta fuskanci ɗakin, ta ɗaga murya, “Saude! Fito ya gan ki.”

Ban fito ba. Ba taurin kai ba ne, kunnena ne bai san sunan a cikin wannan murya ba, na zauna ina jiran wata Saude ta amsa. Iya Delu ta dafe ƙirji ta ce, “Innalillahi! Tabawa, ɗiyar fari? Da bakinki? Gaban baƙo namiji?” Kun ji fa. Ba tona asirin unguwa ne ya fara girgiza ta ba, sunan ne, sai daga baya ta tuna da ɗayan. Inna ta ɗaga asabari da kanta, ta kama ni da hannun nan nata mai kaushi wanda ƙaya ta gama tsattsagewa, ta fito da ni rana, ta zare zanen daga bakina. Tarin da na tara ya ɓalle gaba ɗaya har na durƙusa. Ta riƙe kafaɗata ta ce, “Saurare ta, Malam. Tun da ta zo garin nan haka take.”

Saurayin ya saurara. Sannan ya tambayi mai unguwa abin da ya kamata ya tambaya tun farko, wato ina yaran unguwar nan suke da bai ga ko ɗaya yana wasa a hanya ba? Ya gangara fadama da ƙafarsa ya same su. Ni aka kai ni asibiti a bayan keke, aka yi mini allura, na kwana biyu na dawo. Ina dawowa na koma “waccan”. Inna ba ta sake faɗin sunana ba har ta koma ga Allah.

Kafin wata kaka an yi ginin. Ba zan manta safiyar da injin ya fara ruri ba. Mata duk sun gyara ƙayarsu, don ba wadda ta yarda a ranta cewa da gaske za a iya toshe sama. Kowace ta fito tsakar gidanta ta ɗaga kai. Sama shuɗiya tas, ba komai a ciki sai shirwa. Aka jira har hantsi, aka jira har azahar. Ina zaune a kan turmi ina jan numfashi yana shiga har ƙasa, abin da na manta yadda ake yi, ta bayan danga kuma ina jin wata maƙwabciya tana kuka a hankali. Daɗi da kunya suka haɗu mini a wuri ɗaya, na rasa inda zan sa kaina.

Abin da Iya Delu ta faɗa kuwa duk ya tabbata. Aka rage lebura. Ƙayar da ake faɗa a kanta ta koma makamashi. 'Yan koli suka zo suka koma hannu wofi, daga nan ba su ƙara zuwa ba. Gidaje suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma ƙauye, wasu samarin da yaƙin basasa ya zo suka shiga soja don ba abin yi, ba duka ne suka dawo ba. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne, kaɗar da ke taruwa a ɗakin bututun nan, kwasarta ake yi a kai wani rami a bayan gari a cinna mata wuta. Ƙona ta ake yi! Ba wanda ya ce, ku tsaya, akwai matan da ke ci da wannan abu, a tankaɗe musu a ba su. Waɗanda suka yi dokar sun auna bututu, sun auna gini, sun auna ƙirjinmu, ba su leƙa tukunyar kowa ba. Da sun yi wannan 'yar dabara, da unguwa ta samu iskarta ta kuma riƙe tuwonta, amma ina, su aikinsu ya ƙare a bakin bututu.

Fushin da ya kamata a kai can sama, sai aka sauke shi a kan Inna, don ita ce a kusa. Aka ɗaura gaba da ita. In ta yi sallama a rijiya sai hira ta mutu. Biki ko suna ba a aiko mata, in ta aika Iro ɗibar wuta a ce ta mutu alhali hayaƙi na tashi. Ba ta taɓa ramawa ba, ba ta kuma ba kowa haƙuri ba. Ta koma dakau a gidajen cikin gari, tana surfe tana daka wa mutane hatsi, a sallame ta da 'yar tsaba da dusa. Matar da ake zuwa daga wani gari neman matashinta, ita ce ke dawowa da magariba da ɗan ƙunshi a ka, hannunta duk kanta. Ni kuwa ƙirjina ya buɗe. Na koma gudu, na shiga makaranta a makare na wuce waɗanda suka riga ni, daga baya na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, ina kwarma wa yara ihu daga wannan aji ana ji a wancan. Jariran da aka haifa a unguwar bayan an yi ginin ba su san wani abu tarin kaka ba. Iyayensu sun lura, na tabbata sun lura, amma ba wadda ta zo ta faɗa wa Inna.

Da za ta dawo yau ta zaga, ban san ko za ta gane garin ba. Injin da ya ciyar da mu ya shaƙe mu ya daɗe da yin shiru, kaɗar ma ba a nomanta kamar da. Amma za ta ga hayaƙin ƙaiƙayin shinkafa yana tashi a bayan injinan casa, za ta ga ana ƙona leda a bakin kwata, babura suna tirniƙe kasuwa. Kwanan baya na ji an zo an garƙame wani injin saboda maƙwabta sun kai kuka, aka yi ta yabon hukuma, ni ma na yaba. Sai dai da na bi ta wurin na ga matan da ke zuwa sheƙe ƙaiƙayi don su samu tsakin shinkafa suna zaune a gindin bango da tirensu, ba wanda ya yi musu bayani. Na sa direba ya tsaya, na daɗe ina dubansu. Ina jin Inna ba za ta ce a buɗe injin ba. Ba za ta kuma yi tafi ba. Za ta tambaya ne kawai, waɗannan fa, wa ya zauna da su?

Ciwonta bai zo da hayaniya ba. Shekarun da ta yi tana shiɓa, fuskarta cikin ƙura, sun riga sun yi aikinsu tun kafin a yi gini, dakau kuma ya ƙarasa. Dokar ta iske ni a kan lokaci, ita ta same ta a makare. A daminarta ta ƙarshe ta kwanta, maganarta ta koma guntu-guntu, sai ta huta a tsakiyar kalma. Rannan ana bikin jikanyar Iya Delu, danga ɗaya ce tsakaninmu, ba a aiko mana ko goro ba. Da la'asar, ana shirin fito da amarya, muna jin kiɗan ƙwarya, sai Inna ta ce, “Iro, ce wa waccan ta shiga ta yi wa amarya guɗa.”

Na ce, “Iro, ce mata ba a gayyace mu ba. Kuma guɗa ba aikin 'yan mata ba ne.”

“Ce mata ban tambaye ta ba.”

Na tashi raina a ɓace, na yafa gyale na shiga gidan mutane ba gayya. Ina shiga kiɗa ya tsaya, ido duk ya dawo kaina, har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rufe ido, na ja numfashi, na kama hancina na saki guɗa. Ta tafi, ta yi ta tafiya, ni kaina ban san akwai wuri haka a ƙirjina ba. Da na buɗe ido sai na ga Iya Delu ba ni take dubawa ba, dangar gidanmu take kallo. Ta riga ni gane abin da ake ciki. Shekaru ba ta yi mana magana ba, amma ranar ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Ƙara, ɗiyar nan. Ƙara, ta ji da kyau.” Na ƙara, wannan karon ina kuka, kuma ta fi ta farko tsawo.

Da na koma gida na iske Inna ta juya fuskarta bango. Ba ta dube ni ba, ba ta kuma kira Iro ba. Bangon ta gaya wa, “Ashe da tsawo. Alhamdulillahi.” Ba ta ga an yanke gero ba a shekarar. Iya Delu ce ta yi mata wanka, ta yi shi da kyau, ta fita ba ta ce a yafe ba, mu ma ba mu ce ba.

Yau ko kabarinta ban iya nunawa, hoto ba ta taɓa ɗauka ba, unguwar kuma shaguna sun cinye ta. Iro ma ya bi ta. In na auna abin da ya rage na Inna a duniya, ba ya wuce wannan numfashi da nake ja ina saki ina rubutun nan, da na 'ya'yana, da na jikokin da ba su san da ita ba sai a bakina. Na yi shekara hamsin da wani abu ina amfani da shi, na yi faɗa da shi, na yi dariya, na yi talbiya a Arfa, kuma ban taɓa samun damar ce mata na gode ba, don ko na faɗa Iro za ta sa ya amsa. Ta saye shi da tsada, kuma ba ita kaɗai ta biya ba. Matan unguwa guda suka biya, ba da son ransu ba, da tuwon 'ya'yansu. Wanda duk ya karanta wannan ya ji zai yi wa Inna addu'a, ina roƙonsa ya haɗa da su, kada ya tsallake Iya Delu.